Ina takaba, na koma rubuta wa maigidana magana a littafi. Akwai wanda ya taɓa yin haka?

Maman_Hanif:
Assalamu alaikum 'yan zaure. Da yawanku kun zo mini gaisuwa ko kun kira, Allah ya bar zumunci. Yau kwana 73 da rasuwar Baban Hanif. Akwai tambayar da ke cina, na kasa yi wa kowa ita a gida.

Tun da aka yi sadakar arba'in mutane suka watse, gidan ya yi tsit. Da rana da sauƙi, yara na nan, ƙanwarsa tana taya ni zama. Amma ƙarfe biyun dare na yi sai idona ya buɗe kamar an tashe ni. Lokacin da yake tashi nafila ke nan, ni kuma in ɗora masa ruwan alwala a wuta, kun san sanyin garin nan namu na Jos. Yanzu sai in zauna a bakin gado, ƙirjina kamar an aza dutse.

'Yar yayata da ke karatu a jami'ar Jos ta kawo mini littafin rubutu mai jan bango da biro biyu, ta ce duk abin da ya zo mini in rubuta. Ya yi mako biyu a kan firiji ban taɓa shi ba. Wani dare na ɗauko. Abin da na fara rubutawa shi ne: "Ba ka gaya mini inda ka ajiye takardar filin nan ba." Daga nan hannuna bai tsaya ba sai da aka kira assalatu. Shafi shida.

Yanzu kusan kullum ne. Ina ba shi labarin yara. Wani lokaci faɗa nake yi masa, don ya daɗe da ciwon kan nan yana cewa gajiya ce, ya ƙi zuwa a auna jininsa. In na gama ina samun barci. Sai dai ina tsoro. Wannan ba rashin haƙuri da ƙaddara ba ne? Ba magana da mamaci nake yi ba? Ko kuwa kaina ne ya fara taɓuwa ban sani ba?

Ummu_Sadiq:
Wa alaikumus salam. Allah ya jiƙan Baban Hanif, ya kai haske kabarinsa, ya raya abin da ya bari. Wallahi Anti na karanta ina hawaye. Kanki lafiya lau yake.

Alhaji_na_Katako:
Allah ya gafarta masa. Amma 'yata, ni dai shawarata ki ajiye biron nan ki ɗauki Alƙur'ani da carbi. Ciki ba don tuwo kaɗai aka yi shi ba. Iyayenmu sun binne 'ya'ya uku, huɗu, ba su rubuta komai ba, haƙuri suka yi har Allah ya yaye musu. Abin da kike tonowa kullum da dare yaushe zai warke? Miki ma in ana sosa shi ba ya kamewa.

Zee_Rikkos:
Baba Alhaji, da girmanka, wa ya ce ta ajiye Alƙur'ani? Ba ta ce ta daina salla ba fa. Kuma iyayen nan da kuke cewa sun yi haƙuri, kakata ta rasu da hawan jini, har ta bar duniya ba a ambaton sunan ɗanta na fari a gabanta.

Malam_Gangare:
Allah ya ba ki haƙuri, Malama. Bari in ɗan tsaya a kan tambayarki ta addini, don na ga ita ta fi damunki.

Abin da aka hana shi ne kururuwa, da marin fuska, da yaga tufafi, da furucin da ke nuna fushi da hukuncin Allah. Baƙin ciki kansa ba a hana shi ba. Annabi Yaƙubu ya yi kewar Yusufu har idanunsa suka yi fari, yana cikin Suratu Yusuf aya ta 84, kuma da 'ya'yansa suka ce zai halaka kansa sai ya ce musu shi ga Allah yake kai kukansa da baƙin cikinsa. Manzon Allah (SAW) ya yi hawaye lokacin da ɗansa Ibrahim yake kan gargara, ya ce ido na zubar da hawaye, zuciya na baƙin ciki, amma ba ma faɗin sai abin da Ubangijinmu ya yarda da shi. Shekarar da Nana Khadija da Abu Ɗalib suka rasu ma ai shekarar baƙin ciki ake kiranta.

Batun ce masa "kai": Sayyidina Abubakar ya shiga kan gawar Manzon Allah, ya buɗe fuskarsa ya sumbace shi, ya yi masa magana kai tsaye. Yana cikin Bukhari. Inda matsala take shi ne a roƙi mamaci biyan buƙata, ko a ɗauka yana da ikon yi wa mutum wani abu. Ke kuwa kewa ce kike saukewa a takarda. Ki dai riƙa duba alƙalaminki kamar yadda za ki duba harshenki, in kin gama ki rufe da yi masa addu'a. Allah ne mafi sani.

Abu_Sunnah01:
Malam ya yi bayani. Ni abin da ya tsaya mini shi ne sadakar arba'in ɗin nan. Ina aka samo ta? Zaman makoki kwana uku ne, in ban da mai takaba da ke da wata 4 da kwana 10.

Alhaji_na_Katako:
To, an fara. Tun 1978 da aka kafa Izala a garin nan muke wannan gardama, ba a gama ba, a zauren nan za ka gama ta yau?

Abu_Sunnah01:
Gaskiya ba ta tsufa, Alhaji.

Admin_Hajiya:
Don Allah ku dakata. Baiwar Allah tana cikin takaba ta kawo damuwarta, ku kuma kun ɗauko wata. Duk mai son maganar arba'in ya buɗe nasa zancen daban. Wanda ya sake zan goge.

Direban_Farin_Gada:
Hajiya, ni ba littafi na yi ba, waya ce. Ƙanena ya rasu a hatsarin mota a hanyar Bauchi, tare muke lodi a tasha, uwa ɗaya uba ɗaya. Bayan an binne shi na ci gaba da tura masa saƙo ta WhatsApp. In na sauke fasinja na zauna cin abinci sai in rubuta masa, yau taya ta fashe mini a Toro, yau Inna ta tambaye ka. Alama ɗaya kawai ke fitowa, saƙon ba ya shiga, kuma hakan ya yi mini daidai. Na fi shekara ina yi, ko matata ba ta sani ba.

Wata rana ina wanke mota sai na ji waya ta yi ƙara. Na duba, sunansa ne. Wallahi sai da ƙafafuna suka kasa ɗaukata, na zauna a ƙasa cikin ruwan. Ashe kamfanin waya ne ya sayar da layin ga wani, tunda an daɗe ba a amfani da shi. Hoton wani mutum ne can daban, ya rubuto da Turanci wai wane ne ni. Na ba shi haƙuri na goge lambar. Ranar ce na yi kukan da ban yi ba a maƙabarta.

Don haka ni dai na ce littafinki ya fi. Takarda ba mai sayar da ita ga wani.

Ummu_Sadiq:
Innalillahi. Allah ya jiƙansa. Wannan labari ya karya mini zuciya.

Bint_Dilimi:
Takarda ba a sayar da ita, amma ana karanta ta, Malam Direba. Ni ga abin da ya same ni, don Maman Hanif ta ɗauki darasi. Lokacin takabata na yi irin wannan rubutu. Ana cikin maganar rabon gado, raina a ɓace, na rubuta abin da ke zuciyata game da yayan mijina, ban rage komai ba. Na sa littafin a ƙarƙashin katifa. Matarsa ta zo wai taya ni gyaran ɗaki. Kafin magariba duk dangi sun ji. Shekara huɗu ke nan, gaisuwa ce kawai tsakaninmu, yarana ma ba sa zuwa gidan.

Kin ce ƙanwarsa tana zaune da ke. Ban ce za ta yi ba. Amma magana zarar bunu ce, ta rubutu kuwa ta fi muni, don ba ki isa ki ce ba haka kika faɗa ba. Ki samu akwati mai makulli. Abin da ya shafi wani mai rai, ki rubuta a takarda daban, ki ƙona da safe.

Zee_Rikkos:
Ƙonawar dai, kada a jefa a shara. Akwai sunan Allah a ciki, kuma gobe sai ki ga an naɗe wa wani awara da sirrinki.

Dakta_Lamingo:
Allah ya jiƙan rai. Ni ɓangaren lafiyar ƙwaƙwalwa nake aiki, bari in faɗi abin da na sani, da inda Alhaji na Katako yake da gaskiya, don yana da ita a wani wuri.

Da farko, Hajiya, yi wa wanda ya rasu magana a zuci ko a takarda, ko jin kamar za a ji sallamarsa a ƙofa, abu ne da muke ji kullum daga bakin masu jimami. Ba hauka ba ne.

Binciken da ya sa likitoci suka fara kula da wannan rubutu, wani masanin halayyar ɗan Adam ne a Amurka, James Pennebaker, ya wallafa shi a 1986. Ya sa ɗalibai su zauna minti 15 a rana, kwana huɗu a jere, su rubuta abu mafi ciwo da ya taɓa samunsu. Waɗanda suka rubuta abin da ya faru haɗe da yadda suka ji, a lokacin rubutun ransu ya fi ɓaci, amma a watannin da suka biyo baya sun fi sauran ƙarancin zuwa asibiti. Sai dai ɗalibai ne, ba masu takaba ba. Da Margaret Stroebe da abokan aikinta na jami'ar Utrecht a ƙasar Holan suka gwada shi a kan waɗanda suka rasa miji ko mata, a rahotonsu na 2002 ba su ga ya sa sun fi waɗanda ba su rubuta ba saurin farfaɗowa ba. Ma'ana, ba allura ba ce da za a yi wa kowa. Wani yana yi masa amfani, wani ba ya yi.

Yadda za ki gane naki: ki koma ki karanta na makonnin baya. In kin ga maganar tana motsi, yau faɗa, gobe labarin yara, jibi tuna wani abin dariya, to yana yi miki aiki. In kuwa jimla ɗaya ce ke ta dawowa, "da na matsa masa ya je asibiti", shafi bayan shafi, dare bayan dare, to wannan ne sosa mikin da Alhaji yake faɗa.

Kuma ki ɗan ja lokacin. Rubutu daga ƙarfe biyu zuwa asuba yana koya wa jiki farkawa a wannan sa'ar. Ki gwada bayan isha'i, minti 20, ki rufe.

Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa jimami mai tsawo cikin jerin cututtukanta da ya fara aiki a Janairun 2022: wanda ya wuce aƙalla wata shida yana nan da zafinsa, ya zarce abin da al'adar mutum ta saba, ya hana shi gudanar da rayuwarsa. Ke kwana 73 ne, ba ki kai nan ba. Amma in abinci ya gagara, ko kika ji kina son bin sa, ko tunanin cutar da kanki ya zo, kada ki jira wata shida, kada ki bar wa littafi. Ki gaya wa wani a ranar. Akwai sashen masu wannan aiki a asibitin koyarwa na jami'ar Jos, JUTH.

Alhaji_na_Katako:
To ka ji. Likita ma ya ce ina da gaskiya.

Zee_Rikkos:
"A wani wuri" ya ce, Baba.

Sani_Yan_Taya:
Ni ina cikin waɗanda bai yi wa amfani ba. Da mahaifiyata ta rasu wani abokina ya ba ni wannan shawara. Na yi kwana biyar, kullum abin da nake rubutawa shi ne daren da muka yi ta yawo da ita a Keke Napep daga wannan asibiti zuwa wancan ana cewa babu gado. In na rufe littafin sai in kwana ina ganin abin. Na daina. Abin da ya taimake ni komawa shago ne da zuwa maƙabarta ranar Juma'a. Amma ni namiji ne, ina da inda zan fita. Mai takaba tana cikin ɗaki wata huɗu da kwana goma, wa za ta gaya wa? Kowa ya shigo "ya ƙarin haƙuri", ta ce "da godiya", shi ke nan an rufe zance.

Mama_Ladi_Bukuru:
'Yar'uwata, Allah ya ta'azantar da ke. Ni Kirista ce, amma wannan ciwo ba ya tambayar inda mutum ke sujada. Ɗana na biyu yana cikin waɗanda bam ɗin kasuwar Terminus ya ɗauke ranar 20 ga Mayu, 2014. Cajar waya ya je saya. Shekara biyu ban iya bi ta wajen ba, in zan shiga gari sai in zagaya.

Wata dattijuwa a zumuntar mata ce ta ce mini, Ladi, buɗe Zabura ki gani, da yawa a cikinta kuka ne Dawuda ya rubuta, har da tambayar Allah sai yaushe. Ta ce in shi bai ji kunyar rubutawa ba, ke wace ce? Na fara. Da farko kullum, daga baya mako-mako. Yanzu sau ɗaya nake yi a shekara, ranar 20 ga Mayu. Ina gaya masa wa ya yi aure, wa ya haihu, ƙanwarsa da ya bari a firamare ta gama sakandare.

Abin da ban zata ba shi ne amfanin da ya yi wa ƙannensa. Na rubuta yadda yake dariya, abincin da ba ya ci, ranar da ya saci gwaten maƙwabta aka kamo shi da cokali a aljihu. Da ban rubuta ba da yanzu rabin abin ya gudu daga kaina. Autata ba ta tuna fuskarsa, amma ta san shi daga littafin nan. Yaranki ƙanana ne ko? Ki ware wasu shafuka dominsu.

Malam_Gangare:
Mama Ladi, Allah ya ƙara miki haƙuri. Wannan shawara ta ƙarshe ta yi kyau ƙwarai.

Malama_Adabi:
Ina so in mayar da magana kan abin da Baba Alhaji ya ce, wai iyayenmu ba su rubuta ba. Wasunsu sun rubuta, Baba. Nana Asma'u 'yar Shehu Usmanu, wadda ta rayu daga 1793 zuwa 1864, wani babban kaso na waƙoƙinta marsiyya ne, wato waƙar makoki. Ta yi wa ɗan'uwanta Sarkin Musulmi Muhammadu Bello da ya rasu a 1837, ta yi wa mijinta Waziri Giɗaɗo, ta yi wa aminiyarta A'isha. Malama ce da ake ɗaukar karatu a wurinta, ba wanda ya ce ta rasa tawakkali. Kafin ita akwai Khansa'u a ƙasar Larabawa, wadda har yau ake karanta makokin da ta yi wa ɗan'uwanta Sakhru. Don haka kada a ɗauka 'yar jami'a ce ta kawo mana baƙon abu daga Turai. Biro da littafi mai jan bango ne kawai sabo.

Alhaji_na_Katako:
Su ai malamai ne, sun san abin da za su faɗa da inda za su tsaya. Ni tsorona mutum shi kaɗai da dare, Shaiɗan na biyunsa.

Inna_ta_Anguwan_Rogo:
'Yarta ce ke rubuta mata. Inna ta ce in gaya muku ita ba ta yi boko ba, ajami ma kaɗan ta iya. Ta ce da babanmu ya rasu, a kan dutsen niƙa take yi masa magana, tana niƙa tana waƙa ƙasa-ƙasa, wanda ya ji sai ya ɗauka waƙar aiki ce. Ta ce Alhaji bai sani ba ne don maza ba sa shiga madafa. Ta ce yanzu inji ya karɓe niƙa, to a bar yarinya da littafinta.

Zee_Rikkos:
Inna ta kashe bakin kowa wallahi.

Ummu_Sadiq:
Anti, kina dai cin abinci? Akwai talbina, kunun garin sha'ir da madara da zuma, Nana A'isha takan sa a dama wa masu makoki, ta ce ta ji Manzon Allah yana cewa tana sanyaya zuciyar mara lafiya, tana rage baƙin ciki. In an samu sha'ir ɗin zan aiko miki.

Abu_Sunnah01:
Wannan hadisin ingantacce ne. Kuma Maman Hanif ki yafe ni, ban yi miki ta'aziyya ba na shiga wata magana. Allah ya jiƙansa da rahama.

Maman_Hanif:
Na karanta duka, wasu sau biyu. Allah ya saka wa kowa da alheri. Abu Sunnah babu komai.

Dakta, na bi maganarka na koma baya na karanta. Gaskiya maganar asibitin nan ta dawo sau da yawa, na ƙirga sau goma sha ɗaya. Amma akwai wasu abubuwan a tsakani. Na ga inda na rubuta masa cewa gas ya ƙare kuma ban san wajen wanda yake saye ba, har na yi murmushi. Jiya na gwada bayan isha'i. Duk da haka na farka ƙarfe biyu, sai dai ban ɗauki biro ba, alwala na yi da ruwan da na ɗora wa kaina.

Baba Alhaji, ban ji haushin maganarka ba. Wani daren kai ne da gaskiya, nakan rufe littafin na fi yadda na buɗe shi nauyi.

Bint Dilimi, na mayar da shi cikin akwatin lefena na kulle. Akwai shafi biyu da na yage.

Mama Ladi, ban san me zan ce miki ba. Hanif shekararsa bakwai, ƙanwarsa uku. Na aika a sayo wani littafin daban nasu. Na zauna zan fara na rasa ta inda zan kama, sai na tambayi Hanif me ya fi tunawa da Babansa. Ya ce yadda yake ɓare masa rake da haƙori a ƙofar gida. Shi na rubuta.

Saura kwana 56 in fita takaba. Na jan bangon ban san yadda zan yi da shi ba in ranar ta zo, ko in ƙona ko in ajiye.

Bint_Dilimi:
Ƙona shi.

Mama_Ladi_Bukuru:
Kada ki yi sauri. Wuta ba ta mayar da abin da ta ci. Ki bar shi a akwatin shekara guda tukuna.

Direban_Farin_Gada:
Ni da na goge lambar nan da hirarmu duk saƙonnin suka tafi, har da nasa na da, da muryarsa. Har yau ina cizon yatsa.

Ummu_Sadiq:
Anti, takardar filin fa, an gan ta?

Maman_Hanif:
An gani. Tana cikin aljihun babbar rigarsa ta Juma'a, a ninke huɗu.